Kofin ƙasa a hannu, Michigan a wuya: shekarar Ohio State ta yi kyau ko ba ta yi ba?

Bakano_Columbus:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta hana mu shan shayi cikin natsuwa jiya da daddare, na ce bari in kawo ta nan. Ohio State ta ɗauki kofin ƙasa na ƙwallon Amurka ta jami'o'i ranar 20 ga Janairun 2025, ta doke Notre Dame 34 da 23 a Atlanta. Kafin nan ta yi waje da Tennessee da Oregon da Texas. Amma ranar 30 ga Nuwamban 2024 Michigan, babbar abokiyar hamayyarmu, ta zo har gida Columbus ta ci mu 13 da 10, karo na huɗu a jere. Maƙwabcina, wani dattijo haifaffen garin nan, ya kafa tuta a ƙofar gida washegarin kofi. Da na tsaya yi masa murna sai ya girgiza kai, ya ce daɗin bai kai masa zuci ba. Ni a ganina kofi ya wanke komai. To ku fa? Shekarar ta yi kyau ko ba ta yi ba?

Injiniya_AnnArbor:
Wa alaikumus salam. Maƙwabcinka ya fi ka sanin gari, Malam Bakano. Mun shigo filinku da nasara shida da rashin nasara biyar, ku kuna na biyu a ƙasa baki ɗaya, kowa ya gama yanke cewa za ku yi mana kaca-kaca. Kuka ɓarar da bugun raga biyu, Dominic Zvada ya buga namu saura daƙiƙa 45 a tashi. Ina taya ku murnar kofi tsakani da Allah, amma wannan ranar ba ta gogewa.

Dan_Fagge:
Ku yi haƙuri, ni daga gida nake bibiyarku. Wannan ita ce ƙwallon da ake sa hular kwano ana ture juna? Kuma ta ɗalibai ce kuke wannan jijiyar wuya a kanta?

Malam_Lissafi:
Ita ce, Dan_Fagge. Mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi goma, in ta samu a sake ba ta huɗu, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta gidan ƙarshe ya samu maki 6, da ƙarin 1 in an buga ta shige tsakanin sanduna. Bugun raga shi kaɗai maki 3 ne. Batun ɗalibai kuwa, cire hoton wasannin NUGA daga ranka. Filin Michigan yana ɗaukar mutum 107,601, na Ohio State 102,780. Babban filin ƙasa na Abuja wajen 60,000 yake ɗauka. Ka auna.

Dan_Fagge:
Ikon Allah. Filin makaranta?

Injiniya_AnnArbor:
Filin makaranta. Tunda kai mutumin United ne za ka tuna wasan sada zumunta na Agustan 2014 da Manchester United ta ci Real Madrid 3 da 1. A nan filin Michigan da ke Ann Arbor aka yi shi, mutum 109,318 suka shiga. Muna ce masa Babban Gida. Abin da ya fi ba ni mamaki ranar da na fara zuwa shi ne daga waje ba ka ganin girmansa, don yawancinsa a cikin rami aka gina. Sai ka bi ta ƙofa ka leƙa ƙasa, ka ga mutane sun cika kwari guda kamar an zuba gero a ƙwarya, duk cikin rawaya da shuɗi. Na tsaya cak sai da na bayana ya taɓa mini kafaɗa.

Dattijo_1976:
Yara, ku bari in sa baki. Na zo karatu Columbus a 1976, na tarar da ƙarshen zamanin Woody Hayes, kocin Ohio State. Mutumin nan ko sunan Michigan ba ya son kamawa, sai dai ya ce ƙungiyar can ta arewa. Kocin Michigan na lokacin, Bo Schembechler, yaronsa ne, ɗan Ohio ne, ya yi wasa a ƙarƙashinsa, ya yi masa mataimaki. A shekararsa ta farko, 1969, ya doke maigidansa 24 da 12, ya katse masa nasara 22 a jere. Daga nan suka yi shekara goma suna gwabzawa, Bo ya ci biyar, Woody huɗu, aka yi canjaras ɗaya. Canjaras ɗin nan na 1973, 10 da 10, sai da daraktocin wasanni na jami'o'in Big Ten, rukunin gasar da makarantun biyu suke ciki, suka kaɗa ƙuri'a kan wanda zai je babban wasan ƙarshen kaka na Rose Bowl, aka tura Ohio State. Tsofaffin Michigan har gobe suna jin ciwon abin.

Shekara uku na farko da na yi, 1976 da 1977 da 1978, duk Michigan ce ta ci, ba mu kai ƙwallo gidan ƙarshe ko sau ɗaya ba. Na ga malamin da yake koya mana ya shigo aji ranar Litinin ya kasa fara darasi. Saboda haka Bakano, ɗana, abin da maƙwabcinka ya faɗa ba gardama ba ce. Haka aka raine su.

Bakano_Columbus:
Allah ya ƙara girma, Baba. Amma a zamaninku wanda ya faɗi wannan wasa shekararsa ta ƙare, ba shi da wata ƙofa. Yanzu ƙungiya 12 ake ɗauka a gasar fitar da zakara, a kakar 2024 aka fara. Ƙofar ta buɗe, yaran suka shiga, suka ci wasa huɗu masu zafi a jere. Me kuma ake so su yi?

Dattijo_1976:
Abin da nake tsoro ke nan. In har za ka sha kashi a hannun abokin gabarka kuma ka ɗauki kofi bayan mako bakwai, to an rage wa wasan gishiri.

Maman_Ilham:
Ni ba na bin lissafin maki sosai, maigida ne da yara suke kallo. Amma abin da na gani da idona a makon wasan ya isa. Duk inda harafin M yake a allunan jami'a da na wasu shaguna sai a manne shi da jan salatif. 'Yata ta dawo daga firamare ta ce mini ranar Juma'a kowa ja zai sa, kada in kuskura in sa mata hijabinta mai shuɗi. Yarinya 'yar shekara bakwai! Na ce wannan kamar wasan Kanawa da Zagezagi ne, sai maigida ya ce a'a, namu wasa ne, nasu da gaske suke.

Direban_Toledo:
Maigidanki ya yi gaskiya, Hajiya. Ni a Toledo nake tuƙa motar haya, garin yana bakin iyakar jihohin biyu, kuma a kansa suka taɓa ja da juna a 1835, har kowa ya tara mayaƙansa. A ƙarshe aka bar wa Ohio garin, aka ba Michigan babban yankin nan na arewa, ta zama jiha a 1837. Wasan kansa a 1897 aka fara, Michigan ta ci 34 da nema. Garin nan rabe yake biyu, gida ɗaya za ka ga tuta biyu. Ranar wasan 2024 na ɗauki mata da miji zuwa gidan kallo, ita cikin ja shi cikin shuɗi, suna ta raha. Da yamma su ɗin dai na sake ɗauka, har muka isa babu wanda ya ce uffan. Ita ta zauna gaba kusa da ni, shi a baya.

Yar_Damagaram:
Faɗan da aka yi bayan tashi fa? Na ga bidiyon, 'yan sanda har da fesa barkonon tsohuwa. Wannan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Injiniya_AnnArbor:
Yaranmu sun je kafa tuta a tsakiyar filinsu, nasu suka fizge ta, aka kaure. Big Ten ta ci kowace makaranta tarar dala 100,000. Ni ɗan Michigan ne, amma ban ga amfanin kafa tutar ba. Ka ci mutum a gidansa gaban mutum dubu ɗari, me ya rage?

Sarkin_Tsaro:
Ku bar batun tuta. Akwai abin da babu wanda ya ambata, wandon zinare. Tun 1934, duk shekarar da Ohio State ta doke Michigan ana ba kowane ɗan wasa da koci ɗan ƙaramin abin wuya na zinare mai siffar wando. Asalinsa koci Francis Schmidt ne ya nuna wa yaransa cewa 'yan Michigan ma ƙafa ɗaya-ɗaya suke zura wando kamar kowa. To yaran da suka shigo a 2021, irin su Jack Sawyer da Emeka Egbuka da TreVeyon Henderson, sun gama shekara huɗu babu wando ko ɗaya. Da yawansu sun iya tafiya NFL, gasar ƙwararru, bayan kakar 2023, suka dawo. Suna da zoben kofin ƙasa, ba su da wando. Ka tambaye su a ɓoye ka ji.

Bakano_Columbus:
Sawyer ɗin da ka ambata shi ne ya ƙwace ƙwallo daga hannun mai jefa ƙwallon Texas ya ruga yadi 83. Shekara hamsin masu zuwa wannan gudun za a riƙa nunawa a garin nan.

Malam_Lissafi:
Bari in kawo misalin da zai gwada maganar kowa. A 2006 Ohio State tana ta ɗaya, Michigan ta biyu, babu wadda aka ci. Bo ya rasu ana gobe wasa. Ohio State ta ci 42 da 39, Troy Smith ya ɗauki kyautar Heisman, sannan suka je wasan ƙarshe Florida ta lallasa su 41 da 14. Wato 2006 an ci Michigan an rasa kofi, 2024 an rasa Michigan an ci kofi. Wacce za ku zaɓa?

Dattijo_1976:
2006. Ba sai na yi tunani ba.

Bakano_Columbus:
2024, Baba, da dukkan girmamawa.

Dan_Fagge:
Heisman ɗin nan ita ce Ballon d'Or ɗinsu ke nan?

Malam_Lissafi:
Kusan haka. An fara ba da ita a 1935, Jay Berwanger na Jami'ar Chicago ne ya fara ɗauka. 'Yan jarida 870 ne suke zaɓe, da waɗanda suka taɓa cin ta, da ƙuri'a guda ta 'yan kallo. Kowa ya rubuta suna uku, na farko maki 3, na biyu 2, na uku 1. Abin lura shi ne a farkon Disamba ake rufe zaɓen, kafin gasar fitar da zakara. Shi ya sa wasan ƙarshen Nuwamba yake da nauyi, shi ne ke sabo a idon masu zaɓe. Ohio State tana da guda bakwai, biyu daga ciki na Archie Griffin ne, 1974 da 1975, kuma har yau babu wanda ya sake cin ta sau biyu. Michigan tana da uku: Tom Harmon 1940, Desmond Howard 1991, Charles Woodson 1997.

Injiniya_AnnArbor:
Biyu na ƙarshen kuwa a kan Ohio State suka tabbatar da ita. Howard ya karɓi bugu ya ruga yadi 93, ya tsaya a gidan ƙarshe ya kwaikwayi tsayuwar mutum-mutumin kyautar. Woodson ya yi nasa gudun na yadi 78, ya kuma cafke ƙwallon da aka jefa cikin gidanmu. Ga abin da ya fi yi musu zafi: Howard ɗan Cleveland ne, Woodson ɗan Fremont. Dukkansu 'yan Ohio ne suka tsallaka iyaka.

Sarkin_Tsaro:
Ni kyautar nan ba ta burge ni, kuma zan faɗi dalili. An ce ta gwarzon ɗan wasa ce, amma a aikace ta mai jefa ƙwallo ce ko mai gudu da ita. Masu tsaron baya da ƙattin da ke layin gaba suna shan duka daga farko har ƙarshe, ba a ganinsu. Woodson ma sai da ya haɗa da karɓar ƙwallo da gudu kafin ya sha gaban Peyton Manning na Tennessee, kuma mutanen Tennessee har yau ba su huce ba. Travis Hunter na Colorado da ya ci a 2024 shi ma aiki biyu yake yi, tsaro da hari. Ku duba Ndamukong Suh na Nebraska a 2009, babu wanda ya kai shi a filin wasa a shekarar, aka ajiye shi na huɗu. Orlando Pace na Ohio State a 1996, na huɗu. Aidan Hutchinson ya kayar da mai jefawar Ohio State sau uku a wasan 2021, ya ƙare na biyu. In ba ka riƙe ƙwallo ba, sai dai ka sa kwat ka je New York ka tafa wa wani.

Yar_Damagaram:
Ai akwai nasu kyaututtukan, ko?

Sarkin_Tsaro:
Akwai, 'yar'uwa. Olu Oluwatimi na Michigan, ɗan asalin Najeriya, ya haɗa Outland da Rimington, kyaututtukan ƙattin layin gaba, a 2022. Mutum nawa a nan suka san haka kafin in faɗa? Ita ce maganata.

Malam_Lissafi:
Sarkin_Tsaro yana da gaskiya a nan. Amma Injiniya, ba kullum wasan ne ke yanke hukunci ba. A 1995 Michigan ta ci 31 da 23, Tim Biakabutuka, haifaffen Kinshasa, ya yi gudun yadi 313 shi kaɗai, duk da haka Eddie George na Ohio State ne ya ɗauki Heisman. Kuma kyautar ba ta nuna gobe. Tom Brady bai ko kusanci ta ba a Michigan, na 199 aka ɗauke shi a zaɓen NFL na 2000.

Alhaji_Kwangila:
Na makara. Ni batun filaye ne ya ja ni, don gini ne sana'ata. Gasar ba a cikin fili kaɗai take ba, har da siminti. Ohio State ta buɗe nata a 1922, mai siffar kofaton doki, kujeru dubu sittin da shida da 'yan kai, mutane suna cewa ba zai taɓa cika ba. Fielding Yost, daraktan wasannin Michigan, ya ga haka ya tsaya kai da fata sai da Michigan ta gina nata a 1927, kujeru 72,000, kuma ya sa aka zuba harsashin da zai ɗauki ƙari nan gaba. Wannan hangen nesa ne na gaske. A 1996 Tennessee ta faɗaɗa nata zuwa 102,544, ta wuce Michigan da kujera 43 kacal. Bayan shekara biyu Michigan ta ƙara 5,000 ta karɓe kambunta. Kuma in kun lura adadinsu yakan ƙare da 01, ƙarin kujera ɗayan nan ta tunawa da tsohon kocinsu Fritz Crisler ce.

Amma babban aikin da aka gama a 2010, na dala miliyan 226, ba don talaka aka yi shi ba. Ɗakunan gilashi na manya da kujerun alfarma aka ɗora a gefe biyu. Tsofaffin ɗalibai da malamai da dama sun yi adawa, suna cewa daɗin filin shi ne attajiri da leburansa benci ɗaya suke zama, sanyi ɗaya suke sha. Wata ƙungiyar tsofaffin sojoji masu lalurar ƙafa ma ta kai ƙara kan wuraren keken guragu, aka sasanta a 2008 aka ƙara musu wurare. Ni a nan nake tare da masu adawa. A 2024 Penn State ta amince da kashe har dala miliyan 700 a gyaran nata. Northwestern kuwa ta rushe filinta mai ɗaukar kusan 47,000 ta kama ginin mai 35,000 a kan sama da dala miliyan 800. An daina tseren yawan kujeru, an koma tseren tsadar kujera.

Injiniya_AnnArbor:
Alhaji, na yarda da rabi. Amma gine-ginen nan sun riƙe ƙara a cikin fili. Da can ihu sama yake tashi ya ɓace, yanzu dawowa yake kan abokan karawa. Kuma kuɗin ƙwallon nan ne ke ɗaukar nauyin ninkaya da kokawa da guje-guje, wasannin da ba sa kawo ko sisi. Bencin ma yana nan, tun ƙarshen 1975 duk wasan gida da aka bar 'yan kallo suka shiga sai an haura 100,000.

Maman_Ilham:
To su yaran da ake cika filin saboda su, me suke samu? Ni nan hankalina yake. Ɗana yana aji tara, yana roƙon mu bar shi ya shiga, ni kuwa in na ga yadda ake haɗa kai da kai gabana faɗuwa yake.

Sarkin_Tsaro:
Tambayar da ta fi kowacce ke nan, Hajiya. Har zuwa 1 ga Yulin 2021, ban da tallafin karatu da ɗan abin kashewa, ɗan wasa ba shi da ikon cin kuɗi da sunansa ko hotonsa. Ku tuna 2010: yaran Ohio State sun sayar da kayansu na kansu, zobba da riguna har da wandon zinaren da na ambata. Aka dakatar da su, aka soke nasarorin shekarar duka har da ta kan Michigan, koci Jim Tressel ya ajiye aiki a 2011 saboda ya sani bai faɗa ba. Reggie Bush na USC ya mayar da Heisman ɗinsa ta 2005 a 2010 kan batun kuɗi, sai a 2024 aka dawo masa da ita. Yau Big Ten tana da kwangilar talabijin ta wajen dala biliyan 7 a shekara bakwai. Gumin wa ake sayarwa? Gara da aka buɗe musu ƙofa. Batun ɗanki kuwa, tsoronki yana kan hanya, bugun kai ba abin wasa ba ne. Ki zauna da likitansa kafin ki sa hannu.

Bakano_Columbus:
Tunda an taɓo soke nasarori, Injiniya, ina labarin satar alamun hannu ta 2023? Big Ten ta dakatar da kocinku Jim Harbaugh wasa uku, har da namu.

Injiniya_AnnArbor:
Kuma muka ci ku 30 da 24 ba ya wurin, muka gama shekara 15 babu faɗuwa, muka doke Washington 34 da 13. Ban ce ba a yi laifi ba, an yi, kuma ya dame ni. Amma kafin wasan 2024 ma'aikacin da aka zarga da satar ya tafi, Harbaugh ya tafi, mai jefawarmu ya tafi, sakamako bai canja ba. Mu mun haɗa biyun a shekara ɗaya, wasan da kofin. Shi ya sa babu wanda ya buɗe muhawara a kan tamu shekarar.

Dattijo_1976:
John Cooper ya yi shekara goma sha uku yana kocin Ohio State yana tara nasarori, amma a kan Michigan biyu ya ci, ya faɗi goma, canjaras ɗaya. Ka ambaci sunansa a Columbus ka ji abin da za a fara faɗa. Tressel ya ci tara cikin goma a fili, Urban Meyer bakwai cikin bakwai. Koci Ryan Day, wanda ya ɗauko kofin nan, zuwa ƙarshen 2024 ɗaya ya ci cikin biyar. Kofin ya saya masa lokaci, kuma na ji daɗi don yaron ya sha zagin da ya wuce kima, har iyalinsa ba a bari ba. Wannan kam ban yarda da shi ba ko a zamaninmu.

Direban_Toledo:
Matar nan da na ba ku labari na sake ɗaukarta shekaranjiya, tana sanye da hular kofin ƙasa. Na tambaye ta tambayar Malam_Lissafi, 2006 ko 2024. Ta yi shiru har muka wuce danja biyu, sannan ta ce in sake tambayarta ƙarshen Nuwamba.

Dan_Fagge:
A ina za a yi na 2025, kuma ƙarfe nawa agogon Najeriya? Ina so in gani da idona.

Malam_Lissafi:
Ann Arbor, Asabar ta ƙarshe a Nuwamba. Da tsakar rana suka saba farawa, wato shida na yamma a gida. Ka ware awa uku da rabi, ka yi magariba a hutun farko.

Bakano_Columbus:
Injiniya, in ka samu tikiti biyu ka riƙe mini ɗaya, zan biya. Ja zan sa, kuma kusa da kai zan zauna.